Littafin aiki: taswirar zaizayar ƙasa a kwarin bayan gonakinmu, Mai Wurno

Asabar, 14 ga Agusta, 2021

Aikin da na ɗauka shi ne zana taswirar zaizayar ƙasa ta kwarin da ke bayan gonakin unguwarmu a nan Mai Wurno, kudu da Sannar a ƙasar Sudan, a bakin Shuɗin Nilu. Kwarin a bushe yake yawancin shekara, amma da damina sai ya tattaro ruwan fili mai faɗi ya juye a kogi, kuma ba ya wucewa sai ya gutsuri gonar wani. Tun ambaliyar bara, da kogi ya kai mita 17.67 a ma'aunin Khartum har ya zarce na 1946 da na 1988, dattawa ke ta maganar a yi wani abu. Kuɗin da unguwa za ta iya tarawa ba zai tare ko'ina ba, saboda haka sai an san inda ya fi gaggawa.

Kayan aikina su ne tsohuwar kwamfuta, manhajar zana taswira ta QGIS wadda kyauta ce, da wayar hannu. Lissafin da zan bi sunansa RUSLE. Asalinsa daga ma'aikatar noma ta Amurka ne: Wischmeier da Smith suka fitar da shi a 1965, suka sabunta a 1978, gyararren da ake aiki da shi yanzu kuma ya fito a 1997. Abu biyar ake ninkawa da juna: ƙarfin dukan ruwan sama, saurin lalacewar irin ƙasar wurin, tsawo da tsananin gangara, yawan tsiron da ya rufe ƙasa, sai dabarar tare ruwa da manomi ya yi. Amsar tana fitowa da tan a kowace hekta a shekara. Mu nan da fadan muke awo, murabba'in mita 4,200, don haka zan riƙa juya lissafin.

Datar intanet ta wannan wata: jine 3,000 (jine shi ne kuɗin Sudan).

Talata, 17 ga Agusta

Na sauke taswirar tudu da kwari ta SRTM daga shafin EarthExplorer. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa, sai da dare aka ƙarasa.

Juma'a, 20 ga Agusta

SRTM ba ta yi mini aiki ba, kuma ya kamata in rubuta dalili don mai zuwa bayana.

Taswirar a yanke take gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida mita 30 a kan mita 30, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na fadan, kuma kowane gida da lamba ɗaya ta tsayinsa daga teku. Da na'urar rada aka auna ta daga kumbon Endeavour a Fabrairun 2000. Ana ba kwamfuta waɗannan lambobi, ita kuma ta bi kowane gida ta ga wane maƙwabcinsa ne ya fi shi ƙasa, ta ce nan ruwa zai bi. A ƙasar duwatsu wannan dabara ba ta da matsala. Amma mu a shimfiɗaɗɗen fili muke, inda za ka yi tafiyar kilomita guda ƙasa ba ta sauka da abin kirki ba, ga shi kuma SRTM ba ta san rabin mita ba, cikakkun mitoci kawai take bayarwa, kuskurenta ma ya kan kai mitoci da dama. Abin da ya fito shi ne ramukan ƙarya birjik a inda na san fili ne sumul. Da na sa manhajar SAGA ta cike ramukan, sai hanyoyin ruwa suka fito a miƙe sambal, jere da juna, wasu ma sun juya wa kogi baya. Iyakar yankin da ke zuba ruwa a kwarin ta canja sau da dama gwargwadon lambar da na sa wa r.watershed, kayan aikin manhajar GRASS mai fitar da wannan iyaka.

Gobe zan nemi taswirar tudu da kwari ta Copernicus, wadda ta Turai ce.

Laraba, 25 ga Agusta

Ta Copernicus ta fi kyau nesa ba kusa ba. Ita ma mita 30 ce, amma awonta na tsakanin 2011 da 2015 ne, kuma tana ba da tsayi har da ɓurɓushin mita. Kwarin ya fito, manyan rassansa biyu ma sun fito.

Sai dai ita saman abu take aunawa, ba ƙasa ba. Lambunan mangwaro da kurmin bagaruwa na bakin kogi duk sun zama tuddai, ruwa yana kewaye su a kwamfuta alhali ta ƙarƙashinsu yake wucewa. Babban titi kuma ya zama ganuwa, domin tauraron ɗan'adam ba ya ganin kwalbati. Kwamfutar ta tara tafki a bayan titin, ta yanke kusan rabin yankin ta kai shi wani kwarin daban.

Da la'asar na ɗauki Kawu muka bi gefen titin da ƙafa, ina ɗaukar wurin kowace kwalbati da waya. A wata ya tsaya ya ce, "Ɗan nan, kada ka sa wannan. Ta toshe tun kafin a yi maka aure." Na leƙa, ciki cike da laka har rufi. Wata kuma da ban san da ita ba ya nuna mini, ciyawa ta rufe bakinta, ita ce ke ɗaukar mafi yawan ruwan. Na dawo na sassauke tsayin gidajen da ke kan kwalbatocin da ke aiki, na bar toshasshiyar yadda take. Yanzu hanyoyin ruwan sun yi daidai da abin da muke gani da ido.

Lahadi, 29 ga Agusta

Ba wuta tun safe. Na kafa gwangwanin awon ruwan sama biyu, ɗaya a gida, ɗaya a gonar Baffa can saman kwari. Ƙanena zai riƙa duba na gonar.

Asabar, 4 ga Satumba

Ruwan sama. Ainihin lissafin yana son a san ƙarfin kowane hadari a minti talatin ɗinsa mafi tsanani, shekara da shekaru. Wannan sai tashar da ke da ma'auni mai rubuta kansa, mu kuwa ba mu da ita a kusa. Abin da ake samu a intanet shi ne CHIRPS na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda ke haɗa hoton gajimare da rahoton tashoshin ƙasa, tun daga 1981. Gidansa ɗaya ya haura kilomita biyar a kowane gefe. Kwarinmu gaba ɗaya 'yan gidaje kaɗan ya ci, kuma lambobinsu kusan ɗaya, tsakanin milimita 400 da 500 a shekara.

Na ɗauki gajeriyar hanyar da Hurni ya tsara wa Habasha a 1985: a ninka ruwan shekara da 0.562, a cire 8.12. Milimita 450 ta ba da wajen 245. Raina bai kwanta da ita sosai ba, domin don tsaunukan Habasha aka yi ta, kuma ruwan can da na nan ba salonsu ɗaya ba. Amma tunda kusan lamba ɗaya ce za ta hau kan yankin duka, ba za ta canja wane wuri ya fi wani haɗari ba, jimillar tan kawai za ta ɗaga ko ta sauke. Ni kuwa jeri nake nema, ba jimilla ba.

Shekaranjiya an yi ruwa mai ƙarfi a gonar Baffa har kwari ya kawo, a gida kuwa ko ƙura bai kashe ba. Irin wannan hadarin ne ke yin ɓarna, kuma shi ne lissafin shekara ke haɗiyewa.

Alhamis, 9 ga Satumba

Ƙasa. SoilGrids na cibiyar ISRIC da ke Holan yana ba da kason yashi, lallausar ƙasa, yumɓu da ruɓaɓɓen tsiro a zurfi daban-daban har mita biyu. Gidansa mita 250 ne, kusan fadan 15. A filin sama ya ce yumɓu ya fi rabi, kuma haka ne, baƙar lakar nan ce mai tsagewa da rani. Amma zirin karab, wato farar gangarar nan mai tsakuwa da ke tsakanin fili da kogi, a wurare da yawa bai kai faɗin gida ɗaya ba, sai aka gauraya shi da lakar sama aka fitar da wata ƙasa da babu ita a duniya.

Na ɗebo ƙasa daga fili, daga karab, da kuma daga jarfi, wato ƙasar bakin kogi da ake nomawa in ruwa ya ja, na zuba kowace a kwalba da ruwa da ɗan garin sabulu, na girgiza na ajiye. Yashi ya kwanta nan take, lallausar ta biyo bayan wasu awanni, kwalbar baƙar laka kuwa har yanzu ruwanta bai washe ba. Da hannu zan zana iyakar karab daga hoton tauraro in ba shi lambarsa daban.

Wani abin da ke damuna: lissafin yana ɗaukar ƙasa mai yumɓu a matsayin mai wuyar zaizayewa, don ƙwayoyinta suna riƙe juna. Gaskiya ne ta wani gefen. Amma duk wanda ya yi noma a nan ya san ruwan farko tsagogi ke shanye shi, daga nan lakar ta kumbura ta rufe bakinta, ruwan Agusta kuma ya rasa hanyar shiga sai dai ya gudu a sama. Ita ba ta tafi ba, amma ta tura ruwan duka ga wanda ke ƙasa da ita.

Litinin, 13 ga Satumba

Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 na Agusta kusan duk gajimare ne, duk da tauraron na wucewa kowane kwana biyar. Data ta Satumba jine 3,500. Na koma yanko yankinmu kaɗai ta shafin EO Browser maimakon sauke hoton gaba ɗaya.

Laraba, 22 ga Satumba

Taswirar farko ta fito.

Kafin nan sai da na yanke shawara a kan tsiro. Ana auna korensa ne ta hanyar gwada jan haske da wanda ido ba ya gani, zango na 4 da na 8 na Sentinel-2, gida mita 10. Idan na ɗauki hoton Satumba, dawa ta rufe ƙasa, riɗi ya yi kyau, ko'ina lafiya lau. Amma ruwan da ke dukan ƙasa tsirara na ƙarshen Yuni da Yuli ne, lokacin da aka gama share gona, shuka ba ta tashi ba. Na ɗauki hoton farkon Yuli. Masu yin irin wannan aiki da matsakaicin koren shekara, a ganina, suna yi wa taswirarsu kwalliya ne kawai. Taras, wato jingar ƙasar da wasu ke kewaye gona da ita don tare ruwa, na zana su da hannu a inda na san suna nan.

Na ninka duka biyar. Kore inda haɗari kaɗan ne, rawaya tsaka-tsaki, ja inda ya yi tsanani. Ja ya kwanta a zirin karab, kuma babu mai musun wannan. Filin sama duka kore shar.

Na kai wa Kawu kwamfutar bayan sallar isha'i. Ya sa na nuna masa titi, na nuna masa makarantar allo, ya bi da yatsa har ya kai bayan gonar Baffa, ya ce, "Wannan koren me yake nufi?" Na ce, "Lafiya ke nan, Kawu, ƙasa ba ta tafiya." Ya ce, "To a cikin lafiyar nan taka jakina ya faɗa bara, sai da igiya muka fito da shi."

Wurin da ya nuna kan kwazazzabo ne, inda reshen kwarin ke cin fili yana komawa baya kowace damina. Shi ne ainihin abin da ya sa aka fara maganar nan. Kuma taswirar ba za ta taɓa ganinsa ba, ko da kowace lamba da na sa daidai take. An gina lissafin ne a kan ƙananan filayen gwaji masu tsawon mita 22.1 da gangarar kashi 9 cikin ɗari, ana tara ƙasar da ruwa ya wanko daga samansu ana aunawa. Abin da ya sani ke nan: wankewar sama da ƙananan zirin ruwa da garma ke iya shafewa. Kwazazzabo da zaftarewar gaɓa ba sa cikinsa tun asali. Ƙari a kan haka, ninkawa ake yi, in gangara ta kusa sifiri sai amsar duka ta kusa sifiri, komai yawan ruwan da ke bi ta wurin.

Kwazazzabo kuwa ba ruwansa da gangarar filin da ke samansa. Ruwan fadan ɗaruruwa ya taru a hanya ɗaya, ya iso bakin rami ya faɗa, ya ƙwaƙule gindin bangon, wani kuma ya shiga ta tsagogin laka ya jiƙa shi ta baya, sai bangon ya rufta gaba ɗaya. Ruwa na gaba ya kwashe abin da ya rufta, a sake sabon lale, taku ɗaya ko biyu a baya.

Ba zan jefar da taswirar ba, ta yi aikinta a kan karab. Amma ana bukatar ta biyu.

Asabar, 2 ga Oktoba

Ta biyun tana hannuna tun Agusta: taswirar taruwar ruwa, wadda ke faɗin faɗin filin da ke juye ruwansa a kowane gida. Masu nazarin kwazazzabai sun daɗe da lura cewa inda filin da ke zuba ruwa ya yi faɗi, 'yar gangara kaɗan ta isa ta buɗe rami. Na bi duk kawunan kwazazzabai da ƙafa ni da ƙanena, na ɗauki wurarensu, na ɗora a kai. Manyan duk sun zauna a kan layukan da suka fi tara ruwa. Akwai layuka biyu masu kauri da ba su da rami tukuna, waɗannan na sa musu alama ta musamman.

Saura sanin wanne ya fi sauri. Sentinel-2 ba ya ganin ramin da faɗinsa bai wuce mita uku ba, tauraron Landsat mai mita 30 balle. Tsoffin hotunan Google Earth sun taimaka a manyan biyu, ana ganin yadda suka yi baya. Wayar hannu kuma kuskurenta ya kan kai mita uku zuwa biyar, ba za ta auna cin mita guda ba. Sai turke da tef. Na sayi rodi guda mai mita 12 a jine 4,000, yankawa 500, tef 1,200. Mun kafa turke biyu a bayan kowane kan rami, nesa da baki, mun auna mun rubuta. Data 3,500.

Lahadi, 10 ga Oktoba

An zare turakun. Ba duka ba, amma mafi yawa, har da na bayan gonar Baffa wanda na fi bukata. Ko yara ne, ko masu tara ƙarfe, Allah masani. Ramukan da suka bari wasu suna nan, na gane su na sake aunawa daga gare su kafin shanu su tattake, wasu kuwa sun ɓace ke nan. Baffa ya yi dariya ya ce wa ya taɓa shuka ƙarfe a daji a shekarar da komai ke tsada. Shawararsa na bi: a haƙa rami kamu ɗaya, a zuba kwaɓaɓɓen siminti da tsakuwa daidai da fuskar ƙasa, a danna ƙusa a tsakiya, a rufe da ƙasa. Ba abin da za a ɗauka a sayar. Kowane ɗaya kuma na auna nisansa daga itace biyu mafi kusa don a iya gano shi. Buhun siminti jine 3,800.

Daga can muka gangara bakin kogi don ganin haddam, zaftarewar gaɓa. Wani maƙwabcinmu ya rasa layin ayaba guda a makon jiya. Ita ma taswirata ba ta san da ita ba. Gaɓa tana shan ruwa lokacin cika, in ruwa ya ja da sauri sai ta rage da nauyinta ba abin da ke tokare ta, ta tsage ta sama ta zame. Mu da muke saman madatsar Sannar, hawa da saukar ruwanmu ba na damina kaɗai ba ne, har da na rufe ƙofofi da buɗewa.

Abin lura, ƙasar da kwarinmu ke zubarwa ba ta zuwa ko'ina mai nisa, a tafkin madatsar take kwanciya. An gama madatsar a 1925 tana ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 930, yau laka ta cinye fiye da rabi. Mafi yawan lakar daga tsaunukan Habasha take, namu ɗan ƙari ne. Madatsar Rusairis da ke sama da mu, wadda aka gina a 1966, sai da aka ƙara mata tsawon mita 10, aka buɗe a farkon 2013. Yanzu ga babbar madatsar Habasha ta yi cikonta na biyu a Yulin bana, kuma za ta riƙe laka mai yawa a can. Masu kula da magudanan ban ruwa na gonakin Jazira za su ji daɗi, aikin yashe laka zai ragu. Masu jarfi da masu ƙona jan bulo, da suka dogara da sabuwar laka duk shekara, ba za su ji daɗi ba. Kuma ruwan da aka tace wa laka ya fi cin gaɓa, don yana da sauran ƙarfin ɗauka. Saboda haka zan sa alamun siminti a gaɓa ma.

Alhamis, 21 ga Oktoba

Hutun Maulidi ya ci kwanakin baya. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta saki taswirar WorldCover ta 2020, gida mita 10, ta raba doron ƙasa kashi 11. Ta kama kurmin bagaruwa da gari da kyau. Gona da saura da makiyaya kuwa ta gauraya su a wurare da yawa. Zan yi amfani da ita wajen gano bishiyoyin da suka zama tuddan ƙarya kawai.

Juma'a, 19 ga Nuwamba

Ranar Litinin 25 ga Oktoba sojoji suka karɓe mulki a Khartum, aka katse intanet na waya, sai jiya ya dawo. Hankalin kowa ba ya kan zaizayar ƙasa, nawa ma haka, amma zama ba aiki ya fi wuya.

QGIS tana aiki ba tare da intanet ba, kuma duk abin da na riga na sauke yana nan. Abin da ya ɓace shi ne hoton tauraron da nake jawowa kai tsaye a matsayin shimfiɗa, sai layukana suka rage a kan farin allo, ba gida ba itace. Zanen iyakar karab ya tsaya cak. Hoton ƙarshen damina da nake son gwadawa da na Yuli ma bai samu ba sai yau.

Sai na koma ƙafa. Na sayi tiyon magina mai gani-har-hanji, mita 20, jine 2,000, muka cika shi da ruwa, muka ɗaure kowane baki a sanda mai alamar santimita. Ruwa a baki biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa, bambancin da ke kan sandunan shi ne saukar ƙasa. Da shi muka bi layukan nan biyu masu kauri daga sama har bakin karab. Aiki ne mai cin rai, kumfar iska ɗaya a cikin tiyo ta isa ta ɓata awo, rana kuma tana dumama gefe ɗaya, don haka da sassafe muke yi. Amma ya nuna abin da gidan mita 30 ya ɓoye: a layi na farko akwai wata 'yar faɗuwa da ba ta kai gwiwa ba, ƙasanta a ƙwaƙule, daidai inda hanyar karo, wato keken jaki, ta ratsa. Tayoyi sun yi zurfi, ruwa ya samu hanya. Nan ne rami na gaba zai buɗe in an bar shi. Layi na biyu a shafe yake, ciyawa ta riƙe shi.

Daga yau duk hoton da zan yi aiki da shi sai na ajiye kwafinsa a kwamfuta. Data 4,000.

Asabar, 27 ga Nuwamba

Na je Sannar na bugo taswirorin a babbar takarda, jine 1,500, mota 1,000. Na cire lambobin tan gaba ɗaya. Ban auna ko buhu ɗaya na ƙasar da ta tafi ba, kuma lamba in ta hau takarda sai ta zama hujja a bakin mutane. Na bar launi uku, layukan ruwa, kawunan ramuka, da sunayen wurare yadda muke kiransu.

An zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Ba a daɗe a kan ko taswirar gaskiya ce ba, kowa ya gane gonarsa. Gardamar a wani wuri ta ɓullo. Masu gonakin bakin rami suna son a cika kan kwazazzabo da duwatsu da buhunan ƙasa. Na ce, "Allah ya ƙara wa mai unguwa lafiya, in aka toshe baki ba a rage ruwan da ke zuwa ba, kewayewa zai yi ya buɗe wani a gefe." Na nuna faɗin filin da ke juye ruwa a kan ramin bayan gonar Baffa. Maganin yana can sama: taras a kan layin da tsayinsa yake ɗaya, a gonakin da ruwan ke tasowa.

To masu gonakin saman ba abin da ke cinsu. Wani dattijo ya ce shi ruwa bai taɓa ɗaukar masa ko damin kara ba, don me zai ba da ƙasarsa da guminsa, ga shi in taras ta riƙe ruwa da yawa a baƙar laka dawa rawaya take yi ta mutu. Maganarsa tana kan hanya, kwanciyar ruwa a wannan ƙasa matsala ce ta gaske. Gonakin nan kuma gado ne, wasu tun zamanin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, ba wanda zai zo da takarda ya ce wa wani ga yadda zai yi da tasa. Kawu ne ya kawo mafita. Ya ce, "Yaya, ba a gonarka za a fara ba. A fara a tawa da ta yaran marigayi, mu muke tsakiya. In dawa ta mutu ka gani da idonka, in ta yi kyau ma ka gani." Aka tsaya a kan haka, da sharaɗin kowace taras a bar mata mafitar ruwa da aka shimfiɗe da dutse.

Maganar karkatar da hanyar karo ba a gama ta ba. Masu ɗebo ruwa da itace sun ce zagayen ya yi nisa.

Lahadi, 5 ga Disamba

Abin da na kashe daga Agusta zuwa yau jine 28,000 ne, wajen dala 60, rabi duk a data ya tafi.

Abin da ke gaba. A Janairu, bayan an gama kwashe dawa, za mu fitar da layin taras a gonaki biyun da tiyon magina, tun ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba. 'Yar faɗuwar hanyar karo za a cike ta da dutse ko an karkatar da hanyar ko ba a karkatar ba, karo uku na dutse ake hasashe, ba a yi ciniki ba tukuna. Jema da za a dasa a ƙasan taras da gefen ramuka sai ruwa ya sauka, amma tun yanzu za a nemi saiwarta a raba a lambun Baffa inda ake ban ruwa. A gaɓa kuma alamun siminti sun rage, sai na samu rabin buhu.

A kwamfuta, zanen iyakar karab na ƙarasawa, sannan in gwada hotunan Sentinel-2 na watan Fabrairu daga 2017 zuwa bana don ganin yadda gaɓa ta matsa, tunda ita tana da faɗin da gidan mita 10 zai iya kamawa a inda cin ya yi yawa. Awon alamun kawunan ramuka na gaba sai ƙarshen Mayu kafin ruwan farko, daga nan kuma bayan kowane hadarin da ya sa kwari ya kawo. Ƙanena zai riƙe littafin awon, ni in riƙa shigarwa.